Hagu Talatin da Tara, Dama Arba'in

Shekarata goma sha shida na faɗi jarrabawar fita, faɗuwa kuwa ba ta wasa ba, irin wadda ko maƙwabta suke jin nauyin tambayar sakamako. Baba bai yi faɗa ba, da ma ya yi da na fi samun sauƙi. Ya ninke takardar gida huɗu ya sa a aljihu, ya dubi Mama kamar ba na wurin, ya ce, "Yarinyar nan hannunta ba ya riƙe komai. A kai ta wajen Goggo ta taya ta renon yara."

Goggo ƙanwar Baba ce, tana wani gari mai nisa da 'ya'yanta bakwai, kuma duk wadda aka aika mata ba ta dawowa da maganar makaranta a bakinta. Na san haka don an taɓa aika 'yar kawuna. Mama ce ta tsaya mini. Kwana uku tana bin Baba da magana ƙasa-ƙasa, wajen shan shayi, wajen ɗaura igiyar takalmi, har bakin ƙofa, sai da ya gaji ya yanke sharaɗi. In na samu aiki na riƙe shi wata uku cur, zai bari in sake zana jarrabawa. In aka kore ni, ko saura kwana ɗaya ne, sai tashar mota.

Washegari Mama ta ja ni shagon takalman mata na wata tsohuwar ƙawar kakata. Muna ce mata Inna a gabanta, a bayan idonta kuwa Duba-Ƙasa, don ba ta taɓa fara kallon fuskar mutum ba. In ka shigo, ƙafarka za ta fara gaisarwa. Ranar ma da Mama take ta zuba mata bayani, Inna silifas ɗina take kallo.

"Tana jan ƙafa," ta ce. "Mai jan ƙafa ba ta son aike."

"Za ta gyara, Inna."

"Za mu gani. Ta zo gobe ƙarfe takwas, ta yanke farce."

Allah sarki shagon nan. Siriri ne mai tsawo, gilashi a gaba, benci biyu suna fuskantar juna, da wani madubi da aka jingine a ƙasa wanda ba ya nuna komai sai daga gwiwa zuwa tafin ƙafa. Akwai 'yar kujera mai gangare da ake ɗora ƙafar mai saye, da ma'aunin katako mai ɗan abin da ake turawa har ya taɓa babban yatsa. A can baya sito yake, kwalaye har rufi, tsani ɗaya mai rawa, ƙwan lantarki ɗaya da ba ya haska komai sai kansa. Warin fata da gam da sabon kwali kuwa, har yau in na wuce inda ake buɗe sabon takalmi sai na tuna shagon nan.

Mu biyu ne ma'aikata. Ɗayar ta girme ni da shekara biyar, ana ce mata Rediyo, kuma wallahi ba a zalunce ta ba. Daga buɗe shago zuwa rufewa bakinta bai san hutu ba. Ita ta raɗa mini Sabuwa, sunan da ya bi ni har na tsufa a shagon.

A satin farko na koyi durƙuso. Ni da ko a gida sai an yi da gaske nake sunkuyawa, ga ni a gaban baƙi ina kwance musu igiya, ina zura musu dunduniya. Na koyi danna babban yatsana a bakin takalmi in ji ko akwai sarari. Na koyi cewa ba a taɓa ce wa mace ƙafarta babba ce, sai dai a ce takalmin ne ƙarami, masu yin sa ne suka yi rowa. Na koyi riƙe fuskata in an cire takalmin da ya wuni a rana, don ranar da na ɗan yamutsa hanci, Inna ta jira matar ta fita, sannan ta ce, "Ke naki turare yake yi? Cire mu ji." Ban sake ba.

Rediyo kuma ta koya mini nata karatun. "Sabuwa, duk wadda ta ce miki talatin da takwas take sawa, ɗauko talatin da tara ki rufe lambar da yatsa. Mata sun fi yarda a ƙara musu shekara da a ƙara musu lamba."

Amma babbar dokar shagon ta tagwaye ce. Haka Inna take kiran kowane takalmi da ɗan'uwansa. Ƙafar hagu kaɗai ake jerawa a gaba, ta dama tana cikin kwalinta a sito, don ɓarawo ba zai wahalar da kansa kan ƙafa ɗaya ba. In mai saye ta zaɓa, sai ka duba lambar da ke ƙasan na hagun, ka shiga sito ka ɗauko kwalinsa. Da yamma kafin a rufe, kowane na hagu sai an mai da shi wajen ɗan'uwansa, Inna na tsaye tana kallo. Ta faɗa mini tun ranar farko, kuma sau ɗaya ta faɗa, cewa duk wadda ta raba tagwaye ita za ta haɗa su, in ta kasa ta kama gabanta.

Na yi wata biyu da kwana tara lafiya lau. Har na fara jin kaina, ina hawa tsanin nan da kwali huɗu a hannu ɗaya, ina gyara wa Rediyo lamba. A gida kuwa Baba ya daina kallona kamar kayan da ake jiran mota ta zo ta ɗauka.

Sai ranar wata Laraba Inna ta tafi karɓo sababbin kaya, ta bar mana shago. Kamar an yi shela, mata suka cika benci biyun nan. Rediyo ta faɗa hannun wasu 'yan'uwa uku da suka sa ta sauke rabin sito, kowace tana cewa na 'yar'uwarta ya fi kyau. Ni ina fama da wata uwa da 'yarta mai kuka. Cikin wannan hayaniya wata mata ta shigo, ta zauna a ƙarshen benci da nishin gajiya, ta nuna wani baƙi mara tsini, mai taushin fata.

"'Yan mata, wannan nake so. Na tsayuwa ne, ba na gayu ba."

Na durƙusa, na ja ƙafarta ta hagu na ɗora a ma'auni. Talatin da tara, daidai da wanda ta nuna. Na zura mata shi, na ruga sito, na hau tsani, na fizgo kwalin baƙi mara tsini a cikin duhun nan, na dawo na zura mata na dama ina waiwayen yarinyar da ke kuka. Matar ta miƙe. Ta taka zuwa ƙofa ta dawo, ta sake zuwa ta dawo, har sau uku, ni kuwa a raina ina cewa baiwar Allah ki biya ki ba mu wuri.

"A ƙafata zan tafi da shi," ta ce. "Tsohon ki zubar."

Ta biya, ta sa mini albarka har da su Allah ya ba ki miji nagari, ta fita. Na jefa tsofaffin a kwalin da muke tara irinsu a bayan ƙofa, na manta da ita.

Da yamma Inna ta dawo, aka fara mai da na hagu gidajensu. Komai ya shiga, sai guda ɗaya ya rage a hannun Rediyo, baƙi mara tsini, na hagu, lamba arba'in, babu kwalinsa. Aka hau tsani aka sauko da kwalin talatin da tara, aka buɗe, ga na dama kwance shi kaɗai. Karo na farko tun zuwana na ji Rediyo ta yi shiru.

Inna ta jera su a kan benci, hagu arba'in, dama talatin da tara. Ba ta tambayi wa ya yi ba, ta dai kalli ƙafafuna.

"Wace ce matar?"

"Ban san ta ba, Inna."

"Yaya kamanninta?"

Wallahi tallahi ban san fuskarta ba. Wata biyu ana koya mini kallon ƙasa, na kuwa koya har na wuce malamar. Na san safarta ruwan toka ce, na san idon sawunta ya ɗan kumbura, amma fara ce ko baƙa, doguwa ko gajera, ko da wuƙa aka sa mini a wuya ba zan iya faɗa ba.

"Yanzu haka," in ji Inna, "akwai mace a garin nan tana jan ƙafa ɗaya, takalmi yana fita, duk wanda ya tambaye ta ina ta saya ta ce a shagona. Shekara talatin ban taɓa sa mutum ɗingishi ba." Ta miƙa mini na daman. "Kwana bakwai. Da safe ki yi aikinki, daga ƙarfe biyu ki fita nema. Ki ba ta nata, ki dawo mini da arba'in ɗina a hannunki, ko ya tsufa, ko ya yage. Kuma kada ki zo mini da labarin wai ta ce ba komai. Yarinyar da kika gaji aikinta, da irin labarin nan ta zo mini. Takalmi nake so in gani, ba labari ba."

Saura kwana ashirin da ɗaya wata ukun Baba su cika. Na ƙirga su a hanya, na sake ƙirgawa, ba su ragu ba.

Kafin mu rufe Rediyo ta ja ni bayan ƙofa, ta tono tsofaffin takalman matar daga kwali ta cusa mini a jaka. "Ungo, tunda ba ki san fuskarta ba, ga fuskar da kika sani." Muka duba su a hasken titi. Baƙaƙe ne da suka koɗe, dunduniya ta cinye, na daman ya tsage a gefe, kuma duk layin ɗinkin ya cika da wani farin gari.

"Alli ne," in ji Rediyo. "Malamar makaranta ce, ko shakka babu. Ba ta ce na tsayuwa ba ne? Ni fa in na kalli abu sau ɗaya, shi ke nan."

Haka na kwashe kwana uku ina tsayuwa a ƙofar makarantu lokacin tashi, kaina a ƙasa, ina bin ƙafafun malamai da kallo. Ban taɓa sanin baƙin takalmi ya yi yawa a duniya haka ba. A makaranta ta biyu na bi wata mata har bakin titi, na sunkuya ina leƙen dunduniyarta, ta juyo ta ce, "Ke lafiyarki kuwa?" A ta huɗu maigadi ya ɗauko sanda, ya ce ya lura da ni tun jiya, in bai ga bayana ba zai kira 'yan sanda. Na koma gida ƙafata duk ƙura, na ce wa Mama kaya muke ta jerawa shi ya sa na yi yamma.

Mama ba a yi mata ƙarya ta kwana biyu. Ranar Asabar da yamma ina wanka ta buɗe jakata za ta sa mini abin karin gobe, ta ci karo da takalma uku, biyu tsofaffi ɗaya sabo. Na fito na same ta zaune a bakin gado ta jera su a gabanta.

"Zauna. Faɗa mini tun kafin babanki ya shigo."

Na faɗa mata ina kuka, har da majina. Ba ta rarrashe ni ba, ba ta kuma zage ni ba. Ta ɗauki tsinken ashana ta tono farin garin nan a tafin hannunta, ta ɗiga masa ruwa, ta murza da yatsa. Sai ga shi yana danƙo.

"Wa ya ce miki alli ne?"

"Rediyo."

"Rediyon da ko ruwan zafi ba ta iya dafawa? Alli ba ya kama hannu. Wannan fulawa ce, sakarya. Je ki gidajen burodi."

Ta mai da takalman jaka, ta tura ƙarƙashin gado da ƙafa, don mun ji tarin Baba a ƙofa. Da muka zauna cin abinci ya dube ni ya ce yaya aiki, na ce lafiya lau. Ya ce Goggo ta aiko gaisuwa, tana tambaya ta.

Gidajen burodi ba ta gaba ake shigarsu ba, wannan ma sai da na koya. A gaba mai sayarwa kaɗai za ka gani. Sai ka zaga ta lungu, inda ake sauke buhuna, ka yi sallama da ƙarfi saboda ƙarar injin kwaɓi. Gida na farko duk maza ne, suka yi ta yi mini tsiya, wani ya ɗaga ƙafarsa mai kama da faranti ya ce in auna. Gida na biyu mata uku ne, duk da silifas. Na uku a rufe. Ranar Talata, kwana na shida, na isa wani ƙaramin gida a bayan tashar mota, kuma ina hango motocin da ke lodi sai na kau da kai, don a nan ake hawa ta garin Goggo.

Zafin tanderu ya buge ni tun daga ƙofa. Wani dogon tebur ne a tsakiya, mata huɗu a tsaye suna yanka kwaɓi suna aunawa suna mulmulawa. Ni dai ƙarƙashin teburin na leƙa. Silifas, silifas, takalmin roba, sai baƙi mara tsini, safa ruwan toka, fulawa ta riga ta fara shiga ɗinkin.

Na ɗago kaina a hankali. Ashe doguwa ce. Ashe tana da wushirya, da tabon ƙuna a damtse, da furfura kaɗan a gaban goshi. Ita ce ma ta fara gane ni.

"Lah, 'yar shagon takalmi! Ku zo ku ga yarinyar da nake ba ku labari. 'Yata, me ya kawo ki?"

Ta goge hannu, ta ja ni wajen buhunan fulawa muka zauna. Na fito da na daman daga jaka, na fara bayani ina haɗa magana da magana, cewa kuskure na yi, na ba ta arba'in a dama, ga nata na gaskiya, ta yi haƙuri, ta yafe mini wahalar da na sa ta.

Ta dube ni, ta dubi ƙafarta, sai ta fashe da dariya har tana dafa buhu.

"Wahala? Yarinya, shekara ashirin da biyu ina tsaye a bakin teburin nan, ban taɓa kai yamma ban cire takalmi na yi aiki da safa ba sai satin nan. Ashe abin da ya faru ke nan! Ni na ɗauka fatar ce mai kyau."

Ta ga tsofaffin a bakin jakata, ta jawo na daman ta zura yatsa a tsagar nan. "Kin ga wannan? Ba tsufa ba ne, ni na tsaga da reza. Duk takalmin da na saya haka nake yi masa. In na sayi talatin da tara, dama ta ci wuta. In na sayi arba'in, hagu ta yi ta fita ina jan ta. Ban taɓa sanin ana iya raba su ba, ai da na roƙa tuntuni."

Kwana shida ina yawo da takalmin nan a jaka, ban taɓa tambayar kaina me ya sa tsagar ta miƙe sak haka ba. Na zauna riƙe da talatin da tara a cinya. Labarin da Inna ta ce kada in kawo mata, shi ne dai aka miƙo mini, kuma gaskiya ne. Ban san lokacin da hawaye ya zubo ba.

"Subhanallahi, mene ne?"

Na faɗa mata duka, da dokar tagwaye, da kwana bakwai, da Baba, da Goggo da 'ya'yanta bakwai, har na nuna mata tashar da yatsa. Dariyar ta ɗauke daga fuskarta. Ta ce, "A'a. Ba za a cire yarinya daga karatu saboda ƙafata ba. Na saba, reza ba ta ƙare a kasuwa ba. Karɓi abinki."

Ta sunkuya za ta cire, ni kuma hannuna ya riga tunanina, na durƙusa na kama dunduniyar kamar yadda aka koya mini. Takalmin ya fita, safar ta biyo shi rabi. Ƙashin gindin babban yatsanta ya turo waje sosai, fatar wurin ta yi baƙi ta yi kauri, a tsakiya kuma ga wani tsohon gyambo da ya fara rufewa, sabuwar fata ja-ja ta fara fitowa a gefensa. Kwana shida kacal ya samu ba a goge shi ba.

Ga arba'in a hannuna. Abin da na sha rana ina nema ke nan, in sa a jaka in yi godiya in tafi, gobe in ajiye a gaban Inna. Ina so, kada ma wani ya ce ba na so. Na fi minti ɗaya a durƙushe ina kallon takalmin ina kallon ƙafar, raina yana ta ce mini tashi mana, ita ta ba ki da kanta.

Na ja mata safar na gyara, na zura mata takalmin, na danna babban yatsana a bakinsa. Sarari daidai.

"Anti, naki ne. Ya zauna."

"Ke 'yar nan, kina da hankali kuwa?"

"Babana ya ce babu."

Ta yi ta magiya, na ƙi. Ta ce to za ta bi ni shago ta yi bayani, mai gidan burodin ya leƙo ya ce kwaɓi yana jira, wanda ya fita ya fita ke nan. Ta cusa mini burodi mai zafi guda biyu a jaka. Na ci ɗaya a hanya ina tafe ina kuka, kuma don haushi, ban taɓa cin burodi mai daɗinsa ba.

Ranar Laraba na riga kowa zuwa. Na share shago, na goge madubi, na jera na hagu, don in za a kore ni a kore ni wurin yana da tsabta. Inna ta shigo, ta kalli ƙafata, ta zauna a kujerarta. Rediyo ta shige sito ta bar ƙofa a buɗe, wai tana gyaran kwalaye.

Na ajiye talatin da tara a gaban Inna.

"Na same ta. A gidan burodi take aiki. Ban karɓo ba."

"Ta ce ba komai, ko?"

"A'a, ta cire ta ba ni. Ni na mayar mata."

Sai a lokacin Inna ta ɗago ta kalli fuskata, kuma ina jin shi ne karo na farko. Na fito da tsofaffin takalman na ajiye kusa da sabon. Ta ɗauki na hagun ta juya, ta ajiye. Ta ɗauki na daman, ta bi tsagar da farce daga sama zuwa ƙasa, ta zura hannu ciki ta shafa inda ƙashin ya tura fatar ta yi ƙozo. Ta daɗe tana shafawa.

"Ƙafa nawa kika auna ranar?"

"Ɗaya."

"Nawa Allah ya ba ta?"

"Biyu."

"Da izinin wa kika bar mata kayana?"

"Ba na kowa."

Na jira, na jira, sannan na ɗauki jakata na ce Allah ya saka da alheri, a yafe mini abin da na yi ba daidai ba. Har na kama ƙofa.

"Ina za ki?"

"Gida, Inna."

"Na ce wadda ta raba tagwaye ita za ta haɗa su. Kin haɗa?"

"A'a."

"To gidan wa za ki ba ki gama aiki ba?" Ta miƙa hannu ƙarƙashin teburinta ta fito da hagu arba'in, ta haɗa shi da dama talatin da tara a kwali ɗaya, ta turo mini. "Tunda akwai mai babbar dama, akwai mai babbar hagu. Tana nan cikin garin nan tana tsaga takalmi da reza. Duk macen da ta zauna a bencin nan ki auna mata ƙafa biyu, ko shago ya cika, ko gobara ake yi. Ranar da kika same ta kika sa mata waɗannan, ki zo mu yi maganar kora."

Na rungumi kwalin na shige sito, na zauna a matakalar tsani ta biyu na yi kuka mai isata. Rediyo ta tsaya a kaina tana fifita ni da murfin kwali, tana cewa ai ita tun farko ta san fulawa ce, gwada ni take yi.

Wata uku suka cika ranar wata Laraba. Baba ya ajiye takardar rajistar jarrabawa kusa da kofin shayina ya fita. Na zana, na ci, ba da wani abin a zo a gani ba, amma na ci. Na ci gaba da zuwa shago har shekara biyu da wata huɗu, kafin a ba ni gurbin karatu a wani gari. Ƙafafun da na auna a wannan lokaci Allah kaɗai ya san yawansu. Na samu masu bambancin rabin lamba, na samu wata mai hagu arba'in da ɗaya, har Rediyo ta yi guɗa kafin mu duba da kyau. Amma mai hagu arba'in, dama talatin da tara, ba ta taɓa shigowa ba.

Ranar da zan tafi na je sallama da kwalin a hannuna, murfinsa har ya yi laushi don yawan buɗewa.

"Inna, ban same ta ba."

Tana zura wa wata yarinya takalmin makaranta, ba ta ko ɗago ba.

"To ba a kore ki ba ke nan. Mai da shi inda yake, ki je ki dawo."

Na hau tsani na mai da shi. Inna ta rasu saura sati biyu in dawo hutun farko, 'ya'yanta suka sayar da shagon da duk abin da ke cikinsa kafin in iso. Yau shekara talatin da ɗaya ke nan, na yi aiki a wurare huɗu, na bar wasu, wasu sun bar ni. Amma a shagon Inna, iyakar sanina, har yanzu ina bakin aiki.